Na'urorin da ke nutsewa su kaɗai: yadda ake binciken duwatsu masu aman wuta a ƙarƙashin teku

A watan Yulin 2012, wani dutse mai suna Havre da ke ƙarƙashin tekun Fasifik, kimanin kilomita 800 arewa maso gabas da Niyu Zilan, ya yi aman wuta mafi girma a irinsa da aka sani a zurfin teku cikin shekara 100, amma babu wanda ya gan shi a lokacin da yake yi. Abin da ya tona asirinsa shi ne tarin duwatsu marasa nauyi, masu huji-huji, waɗanda suka taso suka lulluɓe fuskar ruwa a filin da ya kai murabba'in kilomita 400, har wata fasinja ta hango su ta tagar jirgin sama ta sanar da masana. Sai da aka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam kafin a gano inda suka fito. A 2015 ne tawagar da Rebecca Carey ta Jami'ar Tasmaniya da Adam Soule na cibiyar nazarin teku ta Woods Hole da ke Amurka suka jagoranta ta isa wurin, ta saki wata na'ura mai suna Sentry, wadda ke nutsewa ita kaɗai, babu matuƙi a cikinta kuma babu igiyar da ta haɗa ta da jirgi. Taswirar da ta dawo da ita ta nuna ƙasan tekun duk tudu-tudu, har aka fara zargin ko ma'auninta ne ya samu tangarɗa. Da aka tura wata na'urar mai kyamara, sai aka tarar manya-manyan duwatsu ne zube a ko'ina, wasunsu sun kai girman mota. An ƙirga baki 14 da narkakken dutse ya fito ta cikinsu, a zurfin mita 900 zuwa 1,220, an kuma gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na abin da dutsen ya amayar ya bi ruwa ya tafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu nazarin tarihin ƙasa, domin yana nufin duk wanda ya auna girman wani tsohon aman wuta da abin da ya tarar a gindin dutsen kawai, to yana iya rage lissafin ƙwarai da gaske.

Galibin aman wutar da ake yi a duniya a ƙarƙashin ruwa ake yin sa. Akwai jerin tsaunuka da ya ratsa tsakiyar manyan tekuna, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 65,000, kuma a nan ne manyan ɓangarorin ɓawon ƙasa suke ja da baya da juna sannu a hankali, narkakken dutse yana tasowa yana cike giɓin. An ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na narkakken dutsen da ke fitowa daga cikin ƙasa kowace shekara ta ƙarƙashin teku yake fitowa. Sai dai wurin ba ya shiguwa da sauƙi. Matsakaicin zurfin teku ya kai mita 3,700, hasken rana yana raunana sosai daga mita 200, kafin a kai mita 1,000 kuwa duhu ne baƙi ƙirin. Matsin ruwa yana ƙaruwa da kowace mita, ta yadda a zurfin mita 4,000 nauyin kusan kilo 400 ne ke danne kowane murabba'in santimita guda. Ga shi kuma siginar rediyo da ta tauraron ɗan'adam ba sa ratsa ruwan gishiri. Sauti ne kaɗai ke tafiya mai nisa a ciki, yana gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, shi ya sa duk wani aune-aune da saƙo a ƙarƙashin teku ya dogara a kansa.

Jirgin bincike yana iya harba sauti daga sama ya saurari amsa-kuwwa ya zana taswira, amma idan zurfin ya kai kilomita 3 ko 4, kowane ɗigo a taswirar yana wakiltar fili mai faɗin gomman mitoci, don haka duk abin da bai kai haka girma ba sai ya ɓace. Ko irin wannan taswirar ma ba a gama ta ba. Shirin Seabed 2030, wanda gidauniyar Nippon ta Japan ta taimaka aka kafa a 2017 lokacin da kashi 6 cikin 100 kacal na ƙasan teku aka auna da sauti kai tsaye, ya zuwa 2024 ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Wanda yake son ganin abu dalla-dalla kuwa dole ya sauka kusa. Akwai ƙaramin jirgin nutso mai ɗaukar mutane, irin su Alvin da ke aiki tun 1964, wanda ke ɗaukar matuƙi da masana biyu na tsawon awa 8 zuwa 10, kuma wani kaso mai yawa na wannan lokacin a sauka da hawa yake ƙarewa. Akwai kuma na'ura mai igiya, irin su Jason, wadda ake sarrafawa daga cikin jirgi, tana da hannuwa da fitilu, tana iya kwana a ƙasa, amma tafiyarta ba ta da sauri kuma dole jirgin ya tsaya a kanta. Jirgi yana ganin fili mai faɗi dishi-dishi, waɗannan biyun kuma suna ganin 'yan mitocin da fitilarsu ta haska tarwai. Giɓin da ke tsakani shi ne na'ura mai sarrafa kanta ta zo ta cike, kuma a ganina wannan ne ainihin muhimmancinta, fiye da duk wani batun kai wa zurfin da ba a taɓa kai wa ba.

Yadda ake nutso ɗaya yana da kyau a duba shi da kyau. Kafin a sake ta, injiniyoyi suna loda mata tsarin tafiya a kwamfutarta: layukan da za ta bi, tazarar da za ta bari tsakaninta da ƙasa, da abin da za ta yi idan wani abu ya lalace. Ana ɗaura mata ƙarafa masu nauyi, a ɗaga ta da ƙugiya a ajiye a kan ruwa, nauyin ya ja ta ƙasa ba tare da ta ɓata batir ba. Idan ta kusa isa, sai ta saki kashin farko na ƙarafan, nauyinta ya daidaita da na ruwa ta yadda ba ta nutsewa kuma ba ta tasowa, abin da ke riƙe ta kuwa wani abu ne mai tauri da aka cika da mitsi-mitsin ƙwallayen gilashi masu iska a ciki, waɗanda matsi ba ya murƙushewa. Daga nan sai ta kama aiki kamar manomi mai huɗa, kunya bayan kunya, tana zuwa tana komowa a tazarar mita 50 ko makamancin haka daga ƙasa, da gudun da bai wuce mita 1 ko 2 a daƙiƙa ba, tana harba sauti tana aunawa. A wannan kusancin, kowane ɗigo a taswira mita guda yake wakilta, har a ga tsagar ƙasa da bakin inda narkakken dutse ya tsaya. Bayan kusan kwana guda, idan batir ya yi ƙasa, sai ta saki ragowar ƙarafan ta taso, ta kunna fitila da rediyo domin jirgin ya same ta.

Mafi wuyar lamarin shi ne ta san inda take. Tana ɗauke da na'urar da ke lissafa kowane juyi da kowane ƙarin gudu da ta yi, da wata da ke harba sauti ƙasa tana auna saurinta a kan doron ƙasan tekun, sai ta haɗa biyun ta ƙiyasta wurinta. Irin wannan lissafin yana tara kuskure kaɗan-kaɗan, saboda haka jirgin da ke sama, ko wasu na'urorin sauti da aka dasa a ƙasa, suna aika mata alama lokaci-lokaci tana gyarawa. Saƙon da ke iya wucewa ta sauti gajere ne ƙwarai, bai wuce ta faɗi zurfinta da wurinta da ragowar batirinta ba, ko a umarce ta da ta sauya hanya ko ta taso. Masanan da ke cikin jirgi ba sa ganin abin da ta gani sai an ciro ta daga ruwa an sauke bayanan. A tsawon wannan jiran kuma jirgin yana iya yin wani aikin dabam, kuma wannan riba ce babba, ganin cewa kwana ɗaya na babban jirgin bincike yana cin dubun-dubatar daloli.

Inda waɗannan na'urori suka fi nuna amfaninsu shi ne wajen neman maɓuɓɓugan ruwan zafi. Ruwan teku mai sanyi, wanda a can ƙasa bai wuce digiri 2 ba, yana kutsawa ta tsagogin duwatsu ya kusanci narkakken dutse, ya yi zafi, ya narkar da ƙarfe da tagulla da tutiya da farar wuta, sannan ya fito da ƙarfi. Zafinsa yakan kai digiri 350 zuwa 400, amma matsi ya hana shi tafasa. Da ya haɗu da ruwan sanyi sai ma'adinan su daskare nan take, su zama baƙin hayaƙi, su kuma gina dogayen bututai a bakin maɓuɓɓugar. Hayaƙin yana tashi mita 100 zuwa 300 ko fiye, sannan ya bazu a kwance, igiyar ruwa ta kwashe shi zuwa kilomitoci masu yawa, shi ya sa gano hayaƙi ya fi gano tushensa sauƙi nesa ba kusa ba. Masanan Woods Hole, musamman Dana Yoerger da Chris German, sun fito da dabara mai hawa uku da wata na'ura mai suna ABE: da farko ta yi shawagi a cikin hayaƙin tana auna gurɓatar ruwa da zafinsa da sinadaransa har a gane inda ya fi kauri, sannan ta sauko mita 50 ta zana taswira, daga ƙarshe ta sauko mita 5 ta ɗauki hotuna. Da wannan dabarar aka gano maɓuɓɓugai a kudancin Atlantika a 2005, da kudu maso yammacin tekun Indiya a 2007 tare da masanan ƙasar Sin. A 2010 kuma na'urar Autosub6000 ta Birtaniya ta taimaka aka gano mafi zurfin maɓuɓɓugan da aka sani, kusan mita 5,000, a kwazazzabon Cayman da ke yankin Karibiyan. Wuraren maɓuɓɓugan da aka rubuta a kundi sun kai kimanin 700, kuma da yawa daga cikinsu har yanzu hayaƙinsu kawai aka shinshino, ba a kai ga ganin bakinsu ba.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala ya samo asali ne daga watan Fabrairun 1977, lokacin da Alvin ya sauka mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos. Masana duwatsu ne suka je neman ruwan zafi, ba su tafi da masanin halittu ko ɗaya ba, domin babu wanda ya zaci za a tarar da wani abin kirki mai rai a can. Sai ga cincirindon halittu: manyan ƙumbuna farare, ƙaguwa, da dogayen tsutsotsi masu zama a cikin farin bututu, kansu ja wur, wasunsu sun kai mita 2. Wannan tsutsa, wadda aka sa wa suna Riftia, ba ta da baki kuma ba ta da hanji. Jan da ke kanta jini ne, mai iya ɗaukar iskar shaƙa tare da gubar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke fitowa daga maɓuɓɓugar, ya kai su cikin wata gaɓa da ke cike maƙil da ƙwayoyin bakteriya. Su bakteriyar ne ke ƙona gubar su sami ƙarfin haɗa abinci, su ci su kuma ciyar da tsutsar. Colleen Cavanaugh, tana ɗalibar digiri mai zurfi a Jami'ar Harvard, ita ta fara fito da wannan bayanin, aka wallafa shi a 1981. Ana yawan cewa waɗannan halittu ba su da wata alaƙa da rana, amma maganar tana buƙatar gyara, domin iskar shaƙar da suke amfani da ita tsirrai da ƙananan halittun saman teku ne suka samar da ita da hasken rana. Abin da ya tabbata shi ne abincinsu daga sinadaran cikin ƙasa yake, kuma wannan kaɗai ya isa ya sauya tunanin masana game da inda rai zai iya zama. A 2023 ma, tawagar Monika Bright ta Jami'ar Biyana ta sa na'ura mai igiya ta ɗaga ɓawon dutse a gefen wata maɓuɓɓuga a gabashin Fasifik, ta tarar da tsutsotsi da dodon koɗi suna rayuwa a cikin kogunan da ke ƙarƙashinsa.

Zaman waɗannan halittu zama ne a bakin halaka. A wani yanki na gabashin Fasifik, kudu da gaɓar Meziko, masu nutso da Alvin sun isa a 1991 jim kaɗan bayan aman wuta, suka tarar da tsutsotsi a ƙone a ƙarƙashin sabon dutse. Kafin shekara biyu wasu sun sake kafuwa, suna ƙaruwa da fiye da santimita 85 a shekara. Wurin ya sake amai a tsakanin 2005 da 2006, ya kuma sake yi a Afrilun 2025. Ba a fahimtar irin wannan rayuwa da ziyara ɗaya, sai an riƙa komawa wuri guda ana aunawa da ma'auni guda, kuma a nan ne na'ura mai sarrafa kanta ta fi kowa, domin tana iya bin layukan da ta bi bara ba tare da gajiya ko sauya ra'ayi ba.

Dutsen Axial, wanda ke kimanin kilomita 480 daga gaɓar jihar Oregon ta Amurka, ƙololuwarsa kuma tana mita 1,400 ƙarƙashin ruwa, shi ne misali mafi kyau. Ya yi aman wuta a 1998 da 2011 da 2015. Cibiyar nazarin teku ta MBARI da ke Kalifoniya ta riga ta zana taswirarsa da na'urarta kafin aman 2011, ta koma bayansa ta sake zanawa, sannan aka ɗebe tsohuwar taswira daga sabuwa, abin da ya rage ya nuna inda sabon narkakken dutse ya kwarara da kaurinsa da yawansa, mita bayan mita. Tun 2014 kuma aka shimfiɗa wa dutsen wayar da ke kai bayanai gaɓa kai tsaye. Masana sun lura cewa kansa yana kumbura a hankali yayin da narkakken dutse ke taruwa a ciki, kuma idan kumburin ya kai wani matsayi sai ya fashe. Da wannan lissafin masana biyu, Bill Chadwick da Scott Nooner, suka faɗa tun 2014 cewa zai yi amai a 2015, ya kuwa yi a watan Afrilu, da dubban ƙananan girgizar ƙasa a yini guda, kan dutsen ya sauka da kusan mita 2.4. Hasashen da aka yi daga baya na cewa zai sake yi kafin ƙarshen 2025 sai da aka ɗaga shi gaba, domin kumburin ya rage sauri. Su kansu masanan suna ɗaukar aikin a matsayin gwaji, a wurin da kuskure ba ya cutar da kowa, da fatan abin da aka koya zai amfani masu zama a gindin duwatsun doron ƙasa.

Akwai inda lamarin ya shafi rayuwar mutane kai tsaye. Aman wutar dutsen Hunga Tonga, a ƙasar Tonga da ke kudancin Fasifik, na ranar 15 ga Janairun 2022 ya tura toka kilomita 57 sama, ya tayar da igiyar tsunami, ya kuma tura kwararar toka da duwatsu a ƙasan teku da ta tsinke wayar intanet ɗin Tonga, ƙasar ta yi kusan mako biyar kafin a gyara. Da aka zo auna ramin bakin dutsen, wani kwalekwale mara matuƙi mai suna Maxlimer aka tura, ana sarrafa shi daga Ingila, kilomita 16,000 daga wurin, ya nuna zurfin ramin ya kai mita 850. A gabashin tsibirin Mayotte, tsakanin Madagaska da Mozambik, girgizar ƙasa ta fara damun jama'a a watan Mayun 2018, sai bayan shekara guda jirgin binciken Faransa ya tarar da sabon dutse mai tsawon kimanin mita 800 a zurfin fiye da mita 3,000, a inda tsohuwar taswira ta nuna babu shi. Mu ma a Afirka ta Yamma mun ɗanɗani abin da ke faruwa idan ƙasan teku ya motsa, ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, harkokin banki da sadarwa suka samu babban cikas a Najeriya da Gana, binciken farko kuma ya danganta abin da motsin ƙasa a ƙarƙashin ruwa.

Na'urorin suna da iyakarsu, kuma ana yin asararsu. ABE ta ɓace a gaɓar Cile a watan Maris na 2010, a nutsonta na 222, ana kyautata zaton wani ƙwallon gilashinta ne ya fashe saboda matsi. Wata na'urar mai suna Nereus, wadda ta kai ƙasan kwazazzabon Mariyana a 2009, ta tarwatse a kwazazzabon Kermadec a watan Mayun 2014 a zurfin kusan mita 9,900. Galibinsu ba su da hannu, ba sa iya ɗebo ruwa daga bakin maɓuɓɓuga ko kamo halitta, don haka har yanzu aikinsu share fage ne ga na'ura mai igiya ko jirgin nutso. Ana ƙoƙarin koya musu yanke shawara da kansu. A 2019, a dutsen Kolumbo kusa da tsibirin Santorini na Girka, na'urar Nereid Under Ice ta ɗebo samfur daga ƙasan teku da hannunta ba tare da matuƙi ya juya hannun ba, a wani aiki da hukumar NASA ta ɗauki nauyi domin tana tunanin tekunan da ke ƙarƙashin ƙanƙara a watannin duniyoyin Jupita da Saturn.

Abin da ya fi damuna shi ne taswirar da ke nuna wa masani inda tsutsa take, ita ce ke nuna wa mai haƙar ma'adinai inda tagulla da zinari suke. Kamfanin Nautilus Minerals ya samu lasisin haƙa a zurfin mita 1,600 a ruwan Papuwa Niyu Gini, ya durƙushe a 2019 kafin ya fara, Japan kuwa ta gwada ɗago ma'adinan daga irin wannan zurfin kusa da Okinawa a 2017. Ƙasan tekun da ke wajen iyakar kowace ƙasa yana ƙarƙashin hukumar da ke Kingston ta Jamaika, wadda aka kafa a 1994 bisa yarjejeniyar dokar teku ta 1982, kuma yarjejeniyar ta ce dukiyar wurin gadon 'yan'adam ne baki ɗaya, har da ƙasashen da ba su da gaɓar teku irin su Nijar da Cadi. Hukumar ta ba ƙasashe irin su Sin da Rasha da Faransa da Indiya da Jamus lasisin binciken ma'adinan maɓuɓɓugai, ko da yake ya zuwa zamanta na 2025 ba ta kammala dokokin haƙa ba. Masu son a haƙa sukan kafa hujja da saurin farfaɗowar tsutsotsin gabashin Fasifik, amma wannan hujjar ba ta tsallaka zuwa tekun Indiya da Atlantika, inda aman wuta ba ya yawan aukuwa, maɓuɓɓugai suna daɗewa, halittunsu kuma ba su saba da a share su a sake farawa ba. Ra'ayina shi ne bai kamata a ba kowa izinin taɓa wuri ba sai an yi shekaru ana auna shi irin yadda aka yi wa Axial, an kuma fitar da taswirorin kowa ya gani. A tekun Indiya akwai wani dodon koɗi da aka fara gani a 2001, mai ɓawo-ɓawo a ƙafa da sinadarin ƙarfe ya lulluɓe. A 2019 aka sa shi a jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma shi ne na farko da ya shiga jerin saboda haƙar ma'adinai a teku. A lokacin wurare uku kacal aka san yana rayuwa, faɗinsu a haɗe bai wuce hekta 2 ba, biyu daga cikinsu kuma suna cikin yankunan da aka ba Sin da Jamus lasisin bincike.